Gadar Landan na cin abinci da tarihinta, Surame na kwance a daji

Assalamu alaikum, Edita.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi wa 'yan'uwana Sakkwatawa magana kan kufan kakanninmu. Abin da ya tayar mini da zancen shi ne ziyarar da na kai wa ɗana da ke karatu a Landan, inda ya zagaya da ni unguwar da ke kewaye da gadar birnin, a bakin kogin Thames.

Gadar kanta ba wani abin kallo ba ce, siminti ne da aka buɗe a 1973. Wadda ta gabace ta ma sayar da ita aka yi wa wani attajirin Amurka a 1968, ya kwashe duwatsunta ya sake ginawa a Arizona. Labarin wurin shi ne jarin mutanen Landan. A kan tsohuwar gadar dutse da aka gama a 1209 ake tsire kawunan waɗanda aka yanke wa hukuncin cin amanar sarki, ciki har da na William Wallace, jagoran mayaƙan Scotland, a 1305. Kusa da nan akwai wurin kurkukun Clink, wanda masu tarzoma suka ƙona a 1780, yanzu gidan tarihi ne da ake nuna mari da sarƙoƙi. A ɗaya gaɓar ga Hasumiyar Landan, inda aka fille kan matar sarki, Anne Boleyn, a 1536. Jama'a na bin layi, suna biyan kuɗi, jagora na ba su labari tiryan-tiryan, yara na rubutawa.

Akwai abin da ban yarda da shi ba. A ƙarƙashin gadar an yi wani wuri mai duhu inda 'yan wasa ke shafa jan fenti su fito kamar fatalwa suna firgita mutane, ana ihu ana dariya. Na ƙi shiga. Mu an koya mana cewa idan ka tsaya inda rayuka suka salwanta, addu'a za ka yi, ka tuna naka ƙarshen. Wannan ɓangaren su riƙe abinsu.

Amma adanawar da bayanin, Edita, wallahi sun tsaya mini a rai. Surame fa birni ne da Muhammadu Kanta, sarkin Kabi, ya gina a ƙarni na 16, da ganuwar dutse da har yau take tsaye a wurare. Tun 2007 yana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu, don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Na koyar da tarihi shekara da shekaru, kuma ɗaliban da suka taɓa taka wurin ba su da yawa. Da ka ambace shi sai a ce maka kufai ne, gidan iskoki, kar a kai yara. Tsoron da Turawa ke sayar wa baƙi, mu shi ke hana mu zuwa namu.

Haka Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Ita kam rashin tsaro a yankin Sabon Birni ya ƙara nisanta ta da mu, Allah ya kawo sauƙi. To Giginya fa, da ke nan cikin gari, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya kara da Turawa a watan Maris na 1903? Matasa da yawa filin ƙwallo kawai suka sani da wannan suna. Satiru, ƙauyen da ke kusa da Sakkwato da aka shafe a 1906, sai a bakin dattawa. Hubbaren Shehu ne kaɗai ba ya rabuwa da baƙi, don mutane sun san wanda ke kwance a wurin.

Roƙona ga hukumomin da abin ya shafa da kuma fadar Mai Alfarma: a kafa alluna da Hausa, boko da ajami, a waɗannan wurare, a horar da 'yan garin su zama jagorori su samu na cefane, a gyara hanyar Surame, sannan a sa makarantun sakandare su riƙa kai ɗalibai can kafin su gama aji shida.

Naka,
Tsohon malamin tarihi,
Mabera, Sakkwato.