Saitin wutar injin da aka ƙara wa ƙarfi: kunne kaɗai ba ya isa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a jaridarka domin jan hankalin 'yan'uwanmu makanikai da masu motoci a nan Damagaram kan wani kuskure da ke cinye injuna. Mutum zai kai kan injinsa a kankare, ya sa babban karbirato, wani har ya sauya sandar kam mai buɗe bawul, duk don mota ta ƙara gudu. Da aka zo saitin wuta sai a sassauta delko, wato na'urar da ke raba wa buji wuta, a juya shi har injin ya yi ƙara mai daɗi, a ɗaure. Wannan saitin na ralanti ne kawai, wato lokacin da inji ke aiki ba a taka totur ba, alhali abin da ke kashe inji yana faruwa ne a juyi 3000 a minti, mota ɗauke da kaya a kan hanyar Tanut.

Esansi ba ya ƙonewa nan take. Dole buji ya ba da wuta kafin fistin ya kai ƙololuwa, domin ƙarfin ƙunar ya cika bayan fistin ɗin ya fara gangarowa da kamar digiri 15 na juyin inji. Wannan rigayen shi ne abans. Lambar da kamfani ya rubuta ta injin da ba a taɓa ba ce. Idan an kankare kan inji matsi ya ƙaru, wuta na cin mai da sauri, abans ɗin da ake bukata ya ragu. Sandar kam mai daɗewa a buɗe kuma tana rage matsi a ralanti, injin ya nemi ƙarin abans a ƙasa. Wanda ya yi gyaran biyu tare, injinsa na son ƙari a ƙasa da ragi a sama, kuma juya delko kaɗai ba ya ba da wannan.

A fara da tabbatar da alamar da ke kan fulin gaban inji. Fuli da yawa suna da roba tsakanin zoben ciki da na waje, zafi na busar da ita zoben ya zame, alamar ta koma ƙarya. A cire kan batir da dukan buji. A samu tsohon buji, a fasa farin tangaransa, a haɗa masa ƙusa mai tsinin da zai tare fistin kafin ƙololuwa, a ɗaura shi a silinda ta 1. A juya inji da sifana a hankali har fistin ya tsaya, a sa alama. A juya baya har ya sake tsayawa, a sa wata. Tsakiyar alamomin biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya. Da hannu ake wannan, ba da makullin tayar da mota ba. Daga nan a zana digirori: a auna faɗin fulin daga baki zuwa baki ta tsakiya, a ninka da 3.14, a raba da 360. Fuli mai milimita 150 na ba da milimita 1.3 ga kowane digiri, wato digiri 10 milimita 13, digiri 34 kusan milimita 44 da rabi. A shafa farin fenti a wuraren nan biyu.

In delkon mai filatin ne, wato 'yan ƙarafan da ke haɗuwa suna rabuwa don katse wuta, a daidaita tazararsa tukun, galibi milimita 0.40 zuwa 0.45, domin buɗa shi na ƙara abans, matse shi na ragewa. Wanda ya taɓa filatin bayan saiti ya rushe aikinsa da hannunsa.

Sai fitilar saiti, wadda ke walƙiya duk lokacin da buji ya ba da wuta. A cire bujin nan mai ƙusa, a mayar da buji da kan batir, a bar inji ya yi zafinsa na aiki, a maƙala ta a wayar buji ta 1. Masu Peugeot kan yi gardama ko ta 1 tana gaba ko tana wajen giya. A inji mai silinda huɗu wannan gardamar banza ce, ta 1 da ta 4 tare suke hawa, kowacce za ta nuna alamar. A cire ɗan tiyon da ke zuƙo iska daga delko, a toshe shi. A ralanti tsofaffin injuna kan tsaya tsakanin digiri 8 da 12, mai babbar sandar kam kan so 14 zuwa 18. A yi hattara, fitilar na sa fanka da bel su zama kamar a tsaye suke.

Yanzu wani ya taka totur a hankali, mai fitila na kallon alamar tana tafiya. Ya kamata ta tafi ba tsalle, ta tsaya cak wajen juyi 3000. Inda ta tsaya shi ne jimillar abans, kuma wannan lambar ce ke raya inji ko ta kashe shi. Ga tsofaffin injuna masu bawul biyu a silinda, tsakanin 32 da 36 take. In an kankare kan inji sosai a fara daga 30. Delkon da ke ƙara digiri 24 da kansa, in an ba shi 16 a ralanti, ya kai 40 a sama, kuma fistin ba zai daɗe ba. Maganin shi ne a buɗe delko a taƙaita tafiyar ƙarafan nan biyu da ke buɗewa da gudu, su riƙa ƙara 18 maimakon 24. In alamar ba ta motsa ba, ƙura da tsatsa sun kama su, a wanke a ɗiga mai. In tana rawa, sandar delkon ta ci ko sifirin ya saki. Juya delko saɓanin inda rotonsa ke bi na ƙara abans, kuma digiri 1 a delko digiri 2 ne a fuli, don haka taɓawa kaɗan ake yi.

Tsofaffin Toyota masu kwamfuta da delko suna da nasu sharaɗi: sai an haɗa ramukan TE1 da E1 a soket ɗin bincike da guntun waya, in ba haka ba kwamfutar na ta sauya abans awon ya tashi a banza.

Gwajin ƙarshe a kan hanya yake, kuma nan ne yanayin garinmu ke shigowa. Saitin da ya yi lafiya da sanyin Janairu na iya yin ƙwanƙwasa a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Haka man gidan mai, wanda matatar Soraz ke tacewa tun 2011, ba lallai ya zo daidai da ruwa-ruwa na kwalba ba, wanda ba a san hannu nawa ya bi ba. A gwada da man da motar ta saba sha, da tsakar rana. A mayar da tiyon, a sa giya ta 4 a juyi kamar 1800, a taka totur har ƙasa. In an ji kamar tsakuwa a gwangwani, a rage digiri 2 a sake, har ta yi shiru, sannan a rage wani digiri 1 ko 2 na ajiya. Motar da aka fasa wa salansa ba a jin wannan ƙarar, sai a duba buji: ɗigo-ɗigo baƙi ko mai ƙyalli a kan tangaran alama ce fistin ya fara narkewa.

Kada tsoro ya sa a rage fiye da kima. Wutar da ta makara na ƙarasa ƙuna a bakin salansa, ya yi ja, ruwan lagireto ya tafasa, bawul ya ƙone, mota ta mutu a hawa tana shan mai. Wadda ta yi sammako da yawa kuma ita ke sa inji ya turje wa sitata in ya yi zafi, ta karya ringi, ta ƙona gasket. In an samu lambar da ta zauna, a ɗaure delko, a sake haskawa domin ɗaurin kan gusar da shi, a rubuta ta ralanti da ta juyi 3000 da fenti a cikin bonet don makanikin da zai taɓa motar nan gaba.

Wassalam.

Wasu makanikan mota,
Zinder