A ja kunnen masu kankare bayan madubi

Ranka ya daɗe Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili in yi magana kan yaranmu masu aikin gilashi, yanzu yayi ake a kankare bayan madubi a fitar da sunan amarya ko fulawa a sa wuta ta baya, aikin yana kyau wallahi amma yadda suke yinsa ne ke tada min hankali.

Bayan madubi ba fenti kaɗai ba ne, ƙarƙashin fentin akwai azurfa ko alminiyom shafe a jikin gilashin, wasu har da jan ƙarfe, kuma fentin tsofaffin madubai da yawa akwai darma a ciki. Sai ka ga yaro ya duƙa a ƙaramin shago yana gogewa da sanfefa, ba safar hannu ba takunkumi, ƙura fal hancinsa, in azurfar ta ƙi fita ya zuba bilic ya ƙara da ruwan batir. To haɗa biyun nan iskar kulorin yake fitarwa, mai ƙona huhu ce. Madubin da aka yi kafin Bajamushe Justus von Liebig ya kawo shafen azurfa a 1835 kuwa zaiba ce da kuza a bayansa, wannan kam kar ma a taɓa.

Masu kankarewa don neman azurfa su hutar da kansu, madubi mai mita ɗaya tsawo da faɗi da ƙyar azurfarsa ta kai giram 1.

Iyayen gida, na roƙe ku, ku sai wa yaran nan safar hannu da tabarau, a riƙa aikin a waje inda iska ke kaɗawa, ruwan wankin kuma kar a zubar a kwata.

Naku, mai karatu daga Kano