Robar da ke ɗinke kanta

Ranka ya daɗe Edita,

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan robar da ke gyara kanta idan ta tsage, don mutane da yawa na ɗauka tatsuniya ce.

Tun 2001 Scott White da abokan aikinsa a Jami'ar Illinois ta Amurka suka cusa ƙananan ƙwayoyi masu ruwan sinadari cikin roba. Tsaga na ratsawa sai ƙwayoyin su fashe, ruwan ya cika ramin ya daskare. Dabara ce mai kyau, amma ƙwayar da ta fashe ta tafi ke nan, ga shi zafi mai tsanani yana lalata sinadarin.

Aikin Ludwik Leibler a Faransa a 2011 ya fi burge ni. Idan aka ɗumama robarsa, mahaɗan sinadarai da ke riƙe cikinta sukan saki juna su kama wasu, tsagar ta haɗe ba tare da robar ta narke ba, kuma ana iya maimaitawa. Sai dai fa irin wannan roba kan lanƙwashe a hankali in zafi da nauyi suka haɗu mata, abin da masu ƙera jiragen sama ba za su lamunta ba.

Don Allah jaridarku ta riƙa kawo mana labarin wannan bincike.

Naka,
Wani mai karatu