Wasiƙar Zango na Biyu: Malaman Gobe a Azuzuwanmu

Zuwa ga iyaye da masu riƙon yara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, muna sanar da ku cewa sababbin malaman da yaranku ke ba ku labarinsu a gida ɗalibai ne daga kwalejin ilimi, waɗanda aka turo mana domin gwajin koyarwa. Wannan gwaji wajibi ne ga duk mai neman takardar NCE, wadda ita ce mafi ƙarancin shaidar da manufar ilimi ta ƙasa ta yarda a yi aikin malanta da ita. Kowannensu yana ƙarƙashin kulawar malamin aji, kuma malamansu na kwaleji suna zuwa duba su.

Wasu daga cikinku sun kawo mana ƙorafi cewa idan an tambayi yaro abin da aka koya masa, sai ya ce wasa suka yi. Saboda haka na shiga aji huɗu da kaina, na zauna a bencin baya. Ɗalibar da ke riƙe da darasin lissafi ta zo da karan rake mai gaɓa takwas, ta ce a raba shi biyu daidai, sannan a sake raba kowane yanki biyu, kuma ba ta rubuta rabi ko rubu'i a allo ba sai da yara suka ƙirga gaɓoɓin da hannunsu. Wani yaro da ke taya mahaifinsa sayar da rake da yamma, wanda malamin ajin ya shaida mini bai taɓa ɗaga hannu ba, shi ne ya fara gano cewa rubu'i biyu daidai suke da rabi ɗaya.

Da aka tashi na nemi jin ra'ayinta. A ganinta, yaron da ake aika kasuwa ya dawo da canji cif ya riga ya san lissafi, aikin malami shi ne ya haɗa abin da yaron ya sani da abin da ke cikin littafi. Ta kuma nuna cewa son aikin koyarwa ba a ɗaga murya ake gane shi ba, a tsarin darasin da aka zauna aka shirya tun daren jiya ake ganinsa, kuma shirun da bulala ta kawo ba ya nufin an fahimta. Mun yarda da mafi yawan wannan, sai dai mun tunatar da ita cewa hadda tana da muhallinta, domin jadawalin sau ba ya zama a kai sai da maimaici, kuma ajin da ya haura yara sittin yana bukatar tsari kafin a fito da wuƙa da rake.

Mun kuma tuna wa waɗannan matasa cewa Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 domin horar da malamai, ita ta yaye Sa Ahmadu Bello da Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma dukansu sun riƙe alli, ɗaya a Sakkwato ɗaya a Bauchi, kafin su riƙe mulki.

Roƙonmu gare ku shi ne ku taimaka da marafan kwalba, da tsofaffin kwalaye, da gwangwanayen madara da aka wanke aka daddale bakinsu, domin 'yan aji uku za su shuka wake a ciki su riƙa auna tsironsa kowace safiya. Idan yaro ya ce wasa aka yi, a daure a tambaye shi yadda aka yi wasan da abin da ya gano a ciki. Mai son ganin darasi da idonsa yana iya zuwa ofis a shirya masa rana, sauran bayani kuma sai a taron iyaye da malamai na ƙarshen wata, in Allah ya kai mu.

Wassalam,
Shugaban makaranta