Ɗakunan Taron Jos Suna Cinye Muryar Mawaƙanmu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida domin in yi magana a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ake gina ɗakunan taro a Jos ba tare da an yi tunanin sautin da za a ji a cikinsu ba.

A watan jiya na halarci biki a ɗaya daga cikin sababbin ɗakunan nan, inda aka gayyato mai gurmi da 'yan amshinsa. Ginin bulo ne, daɓen tayil, manyan tagogin gilashi, sama kuma kwano babu silin. Har aka gama waƙar ban tsinci baiti guda cikakke ba, domin kowace kalma sai ta bugi bango ta dawo ta hau kan mai bi mata. Mai kula da na'ura ya ƙara wa lasifika ƙarfi, abin ya ƙara dagulewa, har dattawa suka fara zamewa waje.

Laifin ba na mawaƙin ba ne. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a daƙiƙa ɗaya, kuma bango mai tauri da santsi yana mayar da shi kusan yadda ya zo, saboda haka a babban ɗaki amsa-kuwwa take mamaye komai. Wannan ya fi cutar da mu Hausawa, domin harshenmu mai karin sauti ne, wato hawa da saukar murya suna bambanta ma'anar kalma, waƙarmu kuma magana ce kafin ta zama kiɗa. Kalangu kansa zance yake yi, yana hawa yana sauka yadda murya take yi, idan kuwa hawan da saukar suka cakuɗe, ba a jin kirari sai hayaniya.

Kakanninmu sun san muhallin kowane kiɗa. Kakaki da tambari da algaita na ƙofar fada ne, fili buɗaɗɗe inda ƙararsu take bazuwa ba ta dawo ba. Goge da garaya da molo kuwa na zaure ne da tsakar gida, inda bangon tubali mai kaushin yaɓe, da rufin azara, da tabarmin da aka shimfiɗa suke tausasa ƙara su bar wa kunne kalma. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zagaya duniya da kuntigi mai tsirkiya ɗaya tak, kuma raina yana ɓaci idan na tuna cewa a yawancin ɗakunanmu na yau wannan ɗan siririn sauti ɓacewa zai yi. Turawa ma da lissafi suke ginawa: kafin a buɗe babban zauren kiɗa na Boston a Amurka a 1900, sai da masanin kimiyya Wallace Sabine ya auna tsawon lokacin da sauti zai ɗauka kafin ya mutu a ciki.

Abin koyi kuwa yana nan a garinmu. Kusa da gidan tarihin Jos, wanda aka kafa a 1952, akwai filin gine-ginen gargajiya mai ɗauke da kwaikwayon ganuwar Kano da na Masallacin Juma'a na Zariya, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu, da salon rufinsa na gargajiya da ake kira bakan gizo da ɗaurin guga. Ina kira ga sashen koyar da zanen gini na Jami'ar Jos da ya kai ɗalibansa su tsaya ƙarƙashin waɗannan rufe-rufen, su yi magana, su saurara, su auna. Masu ɗakunan taro kuma ba rushewa nake ce musu su yi ba; silin mai shan sauti, da labule masu kauri, da katako a jikin bango za su rage ɓarnar sosai. Hukumar da take ba da izinin gini ita ma ta riƙa tambayar mai zane abin da ya tanadar wa sauti kafin ta sa hannu a takardarsa.

Na gode.

Naku,
Wani malamin makaranta,
Unguwar Rogo, Jos.