Mukabalar neman aiki: a gida ake shirya ta, da baki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana da matasanmu na nan Saudiyya, daga Shara Mansur a Makka zuwa Jidda da Madina, waɗanda otal-otal da kamfanonin hidimar alhazai suke kira mukabala, wato ganawar tantance mai neman aiki, duk lokacin da Umarar azumi da Hajji suka ƙarato. Da yawansu sun iya aikin, amma a cikin minti 10 na ganawa suke ɓarar da shi. Abin da ke kayar da su kuwa tarbiyya ce mai kyau da aka kai ta inda ba muhallinta ba.

An raine mu da kunya da kawaici. Babba na magana ka sunkuyar da kai, kuma tun muna yara muke jin cewa yabon kai jahilci. To mai ɗaukar ma'aikata bai san da wannan ba. Sai ya tambaya, "Me ka yi a wurin aikinka na baya?" Yaro ya dubi tayil ɗin ofis ya ce, "Alhamdu lillahi, muna dai ƙoƙari." Shi ke nan, mutumin ya ɗauka bai san komai ba. Faɗin abin da ka yi da hannunka ba fariya ba ce, amsar tambaya ce. A ce "na yi", a daina ɓuya a bayan "mun yi".

Maganin abin shi ne gwaji da murya, ba a zuci ba. Kwana uku kafin ranar, ka rubuta gabatarwar kanka da ba za ta wuce minti ɗaya da rabi ba: sunanka, abin da ka karanta, aikin da ka yi na ƙarshe, da dalilin da ya sa kake son wannan. Kada ka faro daga tarihin kakanka da ya zo Hajji a ƙafa. Sannan ka tanadi labarai uku na gaske daga aikinka, kowanne da matsala, da abin da ka yi, da yadda ta ƙare, da adadi idan akwai. Misali, bas ta sauke alhazai 40 da tsakar dare, ɗakunansu ba su kammala ba, me ka yi? Labarin nan ɗaya zai amsa tambayar haƙuri, da ta aiki cikin matsi, da ta rigima da baƙo. Ka jingina wayarka da kofin shayi ka ɗauki kanka a bidiyo. Kallon farko ba daɗi, domin a nan za ka ji "ya'ani" sau 20, ka ga ƙafarka na rawa. Ka maimaita sau biyar, sannan ka sa wani yayanka da ba ya maka dariya ya zauna a matsayin mudir, wato manaja, ya riƙa katse ka.

Harshe ma a kula. Wanda aka haifa a Makka bakinsa Hijazanci ne, wato Larabcin yankin, wanda ya fito daga Jami'ar Musulunci ta Madina kuma Fusha, wato Larabcin littafi, yake zubawa kamar mai huɗuba. Dukansu suna da amfani, amma manyan otal da asibitoci sukan juya hirar zuwa Turanci ba sanarwa, don haka a gwada gabatarwar da Larabci da Turanci. Hausa kuwa, wadda wasu ke jin nauyin rubutawa a takardar neman aiki, jari ce a inda alhazan Nijeriya da Nijar da Gana suke sauka. A sa ta a fili.

Takardu su ne inda ake yawan faɗuwa bayan an burge mutane. Tambayar farko sau da yawa ita ce, "Ikamarka tana da rai? Za a iya nakali?" Wato takardar izinin zamanka ba ta ƙare ba, kuma za a iya mayar da ita hannun sabon mai ɗaukar aiki? Ka duba ranar ƙarewarta a manhajar gwamnati ta Absher, ka san sana'ar da aka rubuta a kanta, domin akwai ayyukan da aka keɓe wa 'yan ƙasa, kuma ba amfani ka ɓata kuɗin mota a kansu. Tun gyaran dokar ƙwadago na Maris 2021, ma'aikacin kamfani na iya canza wurin aiki ta manhajar Qiwa bisa wasu sharuɗɗa, amma gyaran bai haɗa da direbobin gida da masu aikin gida ba, su ta manhajar Musaned ake bi da su. Ma'aikacin lafiya sai da rajistar hukumar ƙwararrun lafiya ta Saudiyya, injiniya kuma sai da ta majalisar injiniyoyi.

Idan aka zo maganar albashi, kada ka ce "duk abin da ya sauƙaƙa". Ka tambayi nawa ne asalin albashi, nawa ne kuɗin gida, nawa ne na mota. Riyal 4,000 a dunƙule da Riyal 4,000 ban da kuɗin gida ba ɗaya ba ne a aljihun mai biyan haya a Jidda. Doka ta sa awa 8 a rana ko 48 a mako, a azumi kuma awa 6 ga Musulmi, hutun shekara kwana 21, lokacin gwaji kuma ba ya wuce kwana 180 kuma dole a rubuta shi a kwantiragi. Kuɗin ikama da lasisin aiki a wuyan mai ɗaukar aiki suke. Duk wanda ya ce ka biya kafin a gana da kai, ka kama gabanka.

A ranar, ka buɗe taswirar da suka turo tun da dare, ka isa minti 15 kafin lokaci, ka lissafa da cunkoson Titin Madina idan a Jidda ne. Idan mace ce za ta gana da kai, sallama da baki ta wadatar, kada ka fara miƙa hannu. Kuma komai daɗin alkawarin da aka yi maka a ofis, kada ka danna amincewa a Qiwa sai ka karanta kwantiragin layi-layi, ka ga adadin da aka faɗa maka shi ne a rubuce.

Wassalam,
Wani mai karatunku, Jidda