Zuwa ga Malamin da ya tambayi wa ke riƙe mini yara

Assalamu alaikum Malam,

A taron marubuta na makon jiya ka miƙe a bainar jama'a ka jefo mini tambaya: mace mai aikin ofis daga safe har yamma, ga 'ya'ya uku, yaushe ta samu lokacin rubuta littafi mai shafi 300? Ka ce cikin biyu dole a samu ɗaya, ko dai wani ya rubuta mini, ko kuwa na yi watsi da yarana. Ban tanka ba a lokacin, don muryata rawa take yi, kuma ban so a ce na yi wa babba rashin kunya.

Batun wani ya rubuta mini ba zan tsaya a kansa ba. Littattafan rubutu guda bakwai suna nan da hannuna, da duk gogewa da gyare-gyaren da ke ciki. Duk ranar da ka ga dama ka zo ka duba.

Maganar yaran ce ta ƙona mini rai, har yau kuma ba ta daina ba. Malam, ba ka taɓa shiga gidana ba, ba ka san sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma ka yanke hukunci a kan tarbiyyarsu a gaban mutanen da suka san ni. To bari in faɗa maka inda lokacin ya fito. Ƙarfe 4:30 na asuba nake tashi, gida tsit, in zauna awa ɗaya. Kalma 250 na ɗora wa kaina, wani lokaci in wuce, wani lokaci in gaza. Da gangan nake tsayawa a tsakiyar jimla, don gobe in tarar da bakin zaren yana jirana. Idan wata magana ta faɗo mini a ofis lokacin hutu, ko ina tsaye a ƙofar makaranta ina jiran a tashi yara, sai in rubuta ta a waya kafin ta gudu. Ka lissafa da kanka: kalma 250 sau kwana 300, kalma 75,000 ke nan. Shekara ta biyu kacokan a gyara ta tafi.

Kowane shafi ina sa masa kwanan wata. Idan ka buɗe littafi na huɗu za ka ga giɓin kwana 19 da ban rubuta ko harafi ɗaya ba. Autana ne ya kwanta da zazzaɓi, a ƙirjina yake kwana. Da ya warke, shafin da na koma kansa na tarar ya cika shi da zane da jan fensir, har yanzu ban yage shi ba. Abin da littafin nan ya ci mini barcina ne, da kallon fim, da hirar waya, da wasu ziyarce-ziyarce, har wasu ƙawayena suka ce na fara girman kai. Yarana bai taɓa rabonsu ba.

Ba kuma ni na fara ba. Toni Morrison, marubuciya 'yar Amurka, a lokacin da ta fara tana aikin edita a kamfanin ɗab'i, ita kaɗai take riƙon 'ya'yanta maza biyu, kafin gari ya waye take rubutu. Littafinta na farko ya fito a 1970, a 1993 ta karɓi kyautar Nobel. Buchi Emecheta, marubuciya 'yar Najeriya, da 'ya'ya biyar ta yi nata a Landan, ga aiki ga karatun jami'a. Anthony Trollope kuwa ma'aikacin gidan waya ne a Ingila, da sassafe yake rubutu kafin ya tafi aiki, ya bar littattafan labari 47. Shi ma uba ne. Ka taɓa jin an tambayi namiji irinsa wa ke riƙe masa yara? Maza nawa ne a ɗakin taron nan masu aiki da iyali, amma ni kaɗai ka zaɓa.

Ina ganin girmanka, da rubuce-rubucenka na nazari muka tashi. Amma kowa ya san shekarun da ka kwashe kana cewa littafinka na nan tafe, kuma ina zargin ciwon da ke bayan tambayarka ke nan. Idan haka ne, ba ni na tare maka hanya ba.

Bayan an watse wata matashiya mai goyo ta biyo ni waje, idonta ya kawo ruwa, ta ce ita dai za ta ajiye rubutun har yara su girma, kada a yi mata irin abin da aka yi mini. Saboda ita na rubuta wasiƙar nan. Ina roƙonka, a taro mai zuwa ka miƙe a gaban mutanen nan ka janye maganar da ka yi a kan yarana.

Wassalam,
Marubuciyar da ka tambaya